Injiniya Jinaidu da Bijimin Alhaji Illo

Duk wanda ya zauna a Mabera ya ce bai san Jinaidu ba, to bai taɓa tsayawa shan shayi a bakin titi ba ne. Jinaidu ya yi 'yan watanni a Kano yana taya wani abokinsa liƙa gilashi a fuskar waya, ya dawo Sakkwato da abu biyu: Kananci a baki, da sunan Injiniya da ya raɗa wa kansa. Babu wanda ya taɓa ganin abin da ya gyara. Abin da ya ɓata kuwa, ga rediyon mai shayi can a rataye, ko tari ba ta ƙara yi ba tun ranar da ya buɗe ta. Amma in ya fara bayanin kwamfuta, sai ka rantse shi ya yanke mata cibi.

Abu guda ne Jinaidu ba ya cika baki a kansa, wato son da yake yi wa Wasila, 'yar Alhaji Illo na Ƙofar Taramniya. Wannan kam har zuci ne. Ita ma tana sonsa, ko da yake rabin zancensu dariya take yi masa. Matsalar na wajen Alhaji. Babban mahauci ne, dillalin shanu, mai kilishin da ake aikawa gari-gari, kuma tambayarsa ɗaya ce a kan duk saurayin da ya leƙo ƙofarsa: "Mi yaron ga ya iya da hannunai?" An sa rana, Asabar bayan la'asar, Kawu Siddiƙu, ƙanen mahaifin Jinaidu, zai zo da dattawa neman aure. A ranar Alhaji zai ji amsar tambayarsa, in babu amsa kuma babu Wasila.

To, a zauren Alhaji, inda ake ɗaure kilishi, akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur da ta ga jiya ta ga yau. Alhaji kan kunna ta ya tafi sallar azahar, ya dawo ya tarar ba ta gama farkawa ba. Aikinta ɗaya a duniya: a cikinta bidiyon hawan ƙahon da Alhaji ya yi yana saurayi yake, ranar da ya faɗa tsakanin ƙahonin wani baƙin bijimi ya rungume wuyansa ana kiɗa masa kalangu. Babu baƙon da ke fita zauren nan bai kalla ba. Sai dai kwamfutar kan sandare a tsakiya, bijimi ya tsaya cak ƙafa biyu a sama, Alhaji ya cike gurbin da baki har ta farfaɗo.

Nan Jinaidu ya hango ƙofarsa. Ana saura kwana kaɗan ya zauna a teburin mai shayi, ya ɗaga wani ɗan filashi sama, abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya ce wa majalisa, "Kun ga wannan? Linuks ne a ciki, samfuri marar nauyi, wanda aka yi musamman don tsofaffin kwamfutoci. Mutanen duniya ne suka taru suka rubuta shi, suka bar shi a buɗe, kyauta, kowa ya ɗiba kamar ruwan randar masallaci. Ranar Asabar zan zuba wa kwamfutar Alhaji, ta koma yarinya a gaban kowa."

Mai shayi ya ce, "Ka taɓa zuba ma wata?"

"Ni? Ai da shawarata aka yi wani ɓangaren."

"Awa yadda ka ba rediyona shawara?"

"Rediyonka dama kwananta ya ƙare. Ku dai ku zo ku ga aiki, kada a ba ku labari."

Gaskiyar magana, abin da ya faɗa a kan tsarin daidai ne, don a wani bidiyo ya ji a wayarsa. Abin da bai faɗa ba shi ne, bidiyon na tsakiya datarsa ta ƙare, shi kuma ya ga ai sauran ba sai an koya wa mutum irinsa ba.

Ranar Asabar Kawu Siddiƙu da dattawansa suka hallara a zauren Alhaji, aka shimfiɗa tabarmi, aka ajiye goro, ana ta gaisuwa. Ga Alhaji Illo a kan buzunsa, ga babban ɗansa Rabi'u, yayan Wasila, ƙaton mahauci mai ƙarancin magana. Kawu ya gyara murya ke nan zai shiga abin da ya kawo su, sai aka ji sallama. Jinaidu ne, cikin baƙar kwat a tsakiyar zafin bazara, da jaka a rataye, a bayansa kuma 'yan teburin shayi cike da keke-napep biyu.

Goro ya kusa sarƙe Kawu. Ko yaron goye ya san saurayi ba ya leƙa inda ake nema masa aure. Ya ce da ƙaramar murya, "Kai, mi kaz zo yi? Wa yat taɓa zuwa neman aurenai da ƙahwatai?"

Jinaidu ya ce, "Kawu, ba manemin ne ya zo ba, Injiniya ne. Manemin yana gida yana jin kunya."

Ya durƙusa ya gai da Alhaji, ya zayyana abin da ya zo yi. Alhaji mutum ne mai son kallon abin mamaki, ya shafa gemu ya ce, "To madalla. Dama hannu nika son gani. Amma bijimina hwa?"

"Bijiminka yana nan a ɗaure, Baba. Sai ma dai ya ƙara gudu."

Ya ce sai an fara da shara. Ya kwance bayan akwatin kwamfutar, ya cika kumatu, ya hura iyakar ƙarfinsa. Ai kuwa yajin kilishin shekara da shekaru da ya taru a ciki ya tashi ya cika zaure. Dattawa suka kama atishawa, wannan na yi wancan na amsawa, har aka rasa mai yi wa wani addu'a. Kafin a farfaɗo, kyankyasai suka fito a guje, iyali guda, babbansu ya zarce cikin babbar rigar Kawu Siddiƙu. Dattijo mai furfura ya miƙe yana rawar da bai yi ba tun yana saurayi.

Jinaidu, hawaye na zuba, ya ce, "Kun gan su? Su ne suke cinye mata gudu. Mun yi rabin aiki."

Ya mayar da murfi, ya rage kusoshi biyu da wata 'yar waya da ya rasa inda take shiga, ya tura su ƙarƙashin tabarma da ƙafa. Ya soka filashi, ya danna. Allo ya kawo haske, aka ɗauke wuta.

Aka aika gidan maƙwabci aka jawo janareto, aka tayar da shi a bakin zaure. Ƙararsa ta kira mutanen unguwa, masu wucewa suka tsaya, masu keke suka faka, tagogi suka cika da kawuna. Kwamfuta ta tashi, amma ba a jima ba sai Rabi'u ya shinshina iska.

"Wani abu na ƙauri."

Jinaidu ya taɓa akwatin, ya janye hannu da sauri. 'Yar wayar nan da ke ƙarƙashin tabarma ta fankar ciki ce, ya gane hakan sarai, amma ya fito da ita a gaban surukai? Allah ya kiyaye. Ya ce, "Sabon tsari ne, jininsa da zafi. A kawo mafitai."

Aka ɗebo mafitan da ake korar ƙuda da su a kan nama, ya buɗe murfin, ya jera mutane. Haka Kawu Siddiƙu, wanda ya fito gida neman aure, ya tsinci kansa a tsugune yana yi wa kwamfuta fifita, yana harara.

Allo ya kawo dogon jerin harsunan duniya, a zaɓi ɗaya. Jinaidu ya ce bari ya nemo musu Hausa, ya kama maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. To maus ɗin zauren kilishi ne, ya sha mai ya ƙoshi. Ya sulluɓe masa, yatsa ya danna inda Allah ya nufa. Nan take allo ya cika da wani irin rubutu, ba boko ba, ba ajami ba, ƙugiya-ƙugiya da ɗigo-ɗigo. Jinaidu ya nemi hanyar komawa baya ya rasa.

Wani dattijo ya matso da tabarau ya ce, "Wanga wane yare na?"

"Yaren injiniyoyi ne. Ba a barin kowa ya karanta."

"To mi yac ce?"

Jinaidu ya bi layin da yatsa, daga dama zuwa hagu, sannan daga hagu zuwa dama don kada ya yi kuskure. "Yana gai da Alhaji. Yana cewa ya ji labarin kilishinsa."

Zaure ya ɗauki sowa. Alhaji ya ce yana amsawa.

Sai ga manyan hotuna biyu a allo, su kam ba sa buƙatar yare. Jinaidu ya tuna su a bidiyon da ya kalla, ya yi bayani yana ɗaga murya don na waje su ji. Na farko gwaji ne: tsarin zai yi aiki daga cikin filashi, a kalla, a taɓa, ba tare da ya shafi komai na cikin kwamfuta ba, in an zare shi ta koma yadda take. Na biyu shi ne a zuba shi gaba ɗaya.

Alhaji ya ce, "To a ɗanɗana tukuna. Mu ko tsire munka gasa, sai mun yanka ma mai saye ɗanɗano."

Da Jinaidu ya bi wannan magana, da yau wani labarin ake bayarwa. Amma ga taro, ga 'yan shayi na kallonsa, ga shi ya tabbata labari na shiga cikin gida wajen Wasila. Ya gyara wuyan kwat ya ce, "Baba, ɗanɗano ai na wanda bai yarda da mai tukuba ba ne. Ni na yarda da hannuna."

Ya danna na biyu. Allo ya yi wasu tambayoyi, ya yi ta danna maɓallin da ya fi haske. Can sai ga wani akwati da jan rubutu da alamar gargaɗi ƙatuwa. Daidai nan datarsa ta ƙare ranar da yake koyo.

Rabi'u ya ce, "Wanga jan rubutu hwa? Ni ban son ja."

"Kai da kake wuni cikin jini? Addu'a ce yake yi. Yana cewa a shafa."

Dattawa suka shafa, shi kuma ya danna.

Wani ɗan layi ya fara cika a hankali. Masu fifita na fifita, janareto na ruri, gumi ya jiƙa kwat har ta manne masa a baya. Da layin ya cika, kwamfuta ta mutu ta sake tashi. Kuma wallahi ta tashi. Kafin Alhaji ya kai goro baki, ga allo fes, shuɗi mai kyau, komai a shirye. Jinaidu ya taɓa nan ya buɗe, ya taɓa can ya buɗe, babu jira, babu sandarewa. Shi kansa sai da ya tsorata.

Waje ya kaure. Mai shayi ya leƙo ta taga ya ce ya yafe rediyo duniya da lahira. Kawu Siddiƙu ya jefar da mafici, ya baje riga, ya ce, "Ɗanmu na. Tun shina ƙarami haka yake, komi yat taɓa sai ya canza." Jinaidu ya ji kansa ya yi girman da zauren ba zai ɗauka ba, har ya fara tunanin kalar hular da zai sa ranar ɗaurin aure.

Alhaji Illo ya matso da buzunsa gaban allo, fuska cike da fara'a, ya ce wa baƙi su gyara zama. "Yau za ku ga hawan ƙaho ba tsayawa. Injiniya, kawo bijimin."

Jinaidu ya buɗe ma'ajiyar bidiyo. Ta buɗe kamar ƙiftawar ido, babu komai. Ya buɗe ta hotuna, wayam. Ya buɗe ta gaba, da ta gaba da ita, duk suna buɗewa da saurin da bai taɓa gani ba, duk kuma a share tas.

"Yana zuwa, Baba. Sabon wuri ne, bai saba ba."

"Wa?"

"Bijimin. Wataƙila ya zagaya ta baya."

Ya leƙa bayan akwatin da gaske, kamar zai gan shi a can. Sowar waje ta fara lafawa. Wani malamin makaranta da ke tsaye a taga ya ce shi dai bai iya yaren ba, amma a saninsa in aka zaɓi zubawa gaba ɗaya aka amsa jan gargaɗi, to duk abin da ke ciki an goge shi. Jinaidu ya juya ga Rabi'u da sauri ya ce ai ba komai, a ɗauko kaset ɗin asali a sake juyowa.

Rabi'u ya ce, "Gara ta cinye shi tun ina sakandare. Wanga kaɗai yar rage."

Alhaji bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya daɗe yana duban shuɗin allon, sannan ya ce, "Ku kuna ganin ni nika kallo. Tsohona na ar riƙe da igiyar gaba, shina yi mani kirari. Nan kaɗai nika jin muryatai."

Aka kashe janareto ba tare da kowa ya ce a kashe ba. Jinaidu ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji tausayin dattijon ƙwarai. Ya so ya ce a yafe masa, iyakar abin da ya kamata ke nan. Amma bakin Jinaidu bai taɓa jiran zuciyarsa ba.

"Baba, kada ka damu. Hawan ƙaho ai ba wani abu ba ne, lissafi ne kawai. Ko ni sai in hau a ɗauki sabo, wanda ya fi wancan haske."

Kawu Siddiƙu ya dafe kai da hannu biyu. Alhaji ya juyo a hankali, ya dube shi sama da ƙasa.

"Rabi'u, a hiddo jan bijimin nan da anka kawo jiya."

Kafin ka ce me, an share fili a ƙofar gida. Samarin mahauta suka fito da bijimin daga garke, igiya a ƙaho, igiya a ƙafar baya, tozonsa na rangaji. Wani makaɗi da ke unguwar ya ji labari ya rugo da kalangu a hammata. Wayoyi suka tashi sama. Aka tura Jinaidu tsakiyar fili.

Ya ce wa Rabi'u a hankali, "Yaya, babu ɗan maraƙi? A fara gwadawa tukuna."

"Gwaji na wanda bai yarda da hannunai ba na. Bisimilla."

Kalangu ya ɗauka. Jinaidu ya cire kwat ya yar, ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya tsaya yana auna tsakanin ƙahonin da yatsa daga nesa, wai lissafi yake. Bijimin ya ɗago kai ya dube shi, ya yi huci guda, ya kafta ƙasa da kofato. Iyakar abin da ya yi ke nan.

Babu wanda ya ga lokacin da Jinaidu ya juya. An dai ga takalmi ɗaya a fili, ɗaya a kan rumfar mai lemo, shi kuma yana can ƙololuwar dogonyaron da ke jikin katangar gidan, ya rungume reshe. Kanancin nan duk ya zube a hanya.

"Ku riƙe shi! Don Allah ku riƙe shi, kashe ni za shi yi! Wallahi ban iya ba, ban iya komi ba, rabin bidiyo nig gani!"

Bijimin, wanda ko taku ɗaya bai yi ba, ya sunkuya ya fara tauna hannun kwat.

Ƙofar Taramniya ta daɗe ba ta ga dariya irin ta ranar ba. Makaɗi ya kasa riƙe kalangu, masu igiya suka zauna a ƙasa. Alhaji Illo ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska har abin ya fi ƙarfinsa, ya yi dariya yana share ido da bakin rawani, ba ka iya cewa ga hawayen dariya ga na ɗazu. Da ya nutsu ya kira Kawu Siddiƙu, ya yi magana yadda na kan bishiya zai ji.

"Malam Siddiƙu, na ga hannun ɗanku. Abin da yaɓ ɓata mani ba ya gyaruwa, na bar ma Allah. Amma ba ni ba da ɗiyata ga baki tsura. Gobe da sahe shi ishe Rabi'u kwata, shi kama wankin tumbi da hanji. In ya kai Babbar Salla ta baɗi bai gudu ba, bai kuma ba kowa shawara ba, ku dawo da goronku."

Kawu ya ce sun gode, wallahi an yi musu adalci, ya tattara dattawansa suka tafi ko waiwayen bishiyar bai yi ba.

Jinaidu na nan a sama, don an ce ba za a mayar da bijimi ba sai ya gama da kwat. Sai a lokacin ya lura reshen da yake kai ya leƙa tsakar gidan Alhaji. Ga Wasila tsaye a ƙasa, riƙe da tiren abincin da aka dafa wa baƙi, ta ga komai ta ji komai. Idonta ya yi ja, da alama ta yi kukan abin da aka yi wa babanta, ta kuma yi dariyar abin da ya biyo baya. Ya ƙara ƙanƙame reshen.

Da ƙyar ya ce, "Wasila, kin ji abin da Baba yac ce. Baɗi da nisa."

Ta ajiye tiren, ta ɗaga kai ta daɗe tana dubansa, shi da ƙafafunsa marasa takalmi.

"In ka iya wankin hanjin, ni na iya jira," in ji ta. "Amma ko bayan an ɗaura, kada ka kuskura ka taɓa wayata."